Motata Tana Mutuwa Duk Sanda Na Zo Tsayawa, Ina Matsalar Take?

Mai Corolla: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya fara ba ni tsoro. Motata Corolla ce ƙirar 2004, 'yar Amurka, mai giyar otomatik. Yau kusan sati uku ke nan da ta ɗauko wani hali. Idan ina gudu lafiya lau take, ko Wudil na je na dawo ba ta yi min gardama. Amma da zarar na ɗaga ƙafa daga totur na taka burki zan tsaya, sai allurar juyin inji ta faɗo ƙasa, motar ta yi karkarwa ta mutu. Ina murɗa makulli kuma bugu ɗaya take tashi. Da safe ba ta cika yi ba, sai inji ya ɗau zafi, in na kunna esi kuwa abin ya fi muni. Jiya a titin Zoo ta mutu min ina shirin shan kwana, ga yara uku a baya, sitiyari ya ƙage, Allah ne kawai ya kiyaye ban hau kan mai adaidaita ba. An canza fulogi, an canza famfon mai, ba abin da ya sauya. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Direban Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa Malam. Ni dai ina ganin famfon da aka sa maka jabu ne, sun cika kasuwa yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa da rizab yake yawo, famfo yana shan zafi yana jan dattin ƙasan tanki. Ka nemi na Beljiyam mai kyau a Ƙofar Ruwa, sannan a wanke maka nozul.

Abu Hanifa: Nozul ne wallahi. Tawa ma haka ta yi, ana wankewa ta daina.

Baba Makanike: Wa alaikumus salam Malam. Kafin kowa ya sake tura ka kasuwa, amsa min waɗannan. Fitilar cek, wato ta gargaɗin matsalar inji, tana kunne? In motar ta yi zafi ka sa ta a P ka sake totur, a ina allura take zama, kuma tana tsayawa cak ko tana lilo? In ka taka burki kana jin wani huci kamar iska na fita a wajen ƙafarka? Sannan me aka yi wa motar gab da ta fara, an wanke inji ne, an cire batir, ko an taɓa wani abu?

Direba, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Famfon da ya gaji a hawa yake tona asirin kansa, ko lokacin da ka danna totur za ka wuce tirela, domin a nan inji ke neman mai da yawa. A silo, wato inji na juyawa ba a taka totur ba, ɗan kaɗan yake sha. Motar da ke zuwa Wudil ta dawo ba ta shaƙe ba, amma ta mutu a danja, da wuya a ce mai ne ya yanke mata. Ni hankalina ya fi tafiya wajen iska.

Mai Corolla: Na gode Baba. Fitilar cek ba ta kunne, gaskiya ma tun da na sayi motar ban taɓa ganin ta ba. Allura a da tana zama ƙasa da 1,000 kaɗan, da matsalar ta fara sai ta koma wajen 500 tana hawa tana sauka. Shekaranjiya makaniken ya ɗaure wayar totur, yanzu a P tana kai 1,100, amma duk da haka jiya ta mutu. Huci ban lura ba, zan saurara. Burkin dai ya ɗan yi min tauri kwanan nan. Abin da aka yi mata kafin ta fara juye ne kawai, sai iyakilina, wato matatar iska, da yaron garejin ya bubbuga ya hura mata iska ya mayar.

Injiniya Mai Waya: Yallabai, tsaya a nan. Ka ce ba ka taɓa ganin fitilar cek ba? Ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar. Dole fitilar cek ta fito tare da ta batir da ta baƙin mai. In ba ta fito ba, ko dai ƙwan ya mutu, ko wani ya cire shi ko ya liƙe shi da baƙin salatif kafin a sayar maka. Ina ganin wannan kusan kowane sati. Wataƙila motar ta daɗe tana kuka ba wanda ya ji.

Mai Corolla: Yanzu na fita na gwada. Ba ta fito ba. Innalillahi.

Direban Zariya: To ai ɗaure wayar totur ba laifi ba ne Baba. Mu a tasha haka muke yi, a ɗan ɗaga silo mota ta daina mutuwa a ci gaba da neman abinci. Ba kowa ke da kuɗin kwamfuta ba.

Baba Makanike: Na san haka ake yi, ni ma da kafireta na fara aiki, lokacin 504 da Beetle. A can akwai sukurun silo, ka juya shi da sukundireba magana ta ƙare. Amma wannan injin ba haka aka gina shi ba, bari in yi bayani yadda kowa zai gane.

In ka ɗaga ƙafa daga totur, faifan da ke cikin maƙogwaron inji rufewa yake yi kusan ruf. To ta ina inji zai sha iska ya ci gaba da juyawa? Akwai wata 'yar hanya ta gefe, da bawul a kanta, a ƙasan maƙogwaron yake, shi muke kira bawul ɗin silo. Kwamfutar mota ce ke buɗe shi tana rage shi. Ka kunna esi, kompresa ta ɗora wa inji nauyi, sai ta ƙara buɗe shi. Ka murɗa sitiyari a tsaye, famfon sitiyari ya ja ƙarfi, ta ƙara. Ka sa giya a D, haka. Burinta inji mai zafi ya zauna wajen juyi 700 a minti. In ƙura da tururin baƙin mai suka haɗu suka yi danƙo a jikin bawul ɗin, sai ya kasa juyawa da sauri. Kana saukowa daga gudu, faifai ya rufe, kwamfuta ta ce wa bawul buɗe, kafin ya motsa inji ya riga ya shaƙe. Shi ya sa esi ke ƙara tsananta abin.

Yanzu da aka ɗaure waya me aka yi? An hana faifan komawa mazauninsa. Akwai sensa a jikinsa da ke gaya wa kwamfuta cewa direba ya saki totur. In faifan bai koma ba, sai kwamfuta ta ɗauka har yanzu ƙafarka na kai, ta ƙi karɓar aikin silo yadda ya kamata. Ga shan mai, ga giya na bugawa duk sanda ka sa D ko R, ga mota na jan ka gaba a cunkoso kana danne ta da burki. Kuma ka ji da bakinsa, duk da haka ta mutu. Abu na farko Malam, a sassauta wayar nan ta koma da ɗan lilonta.

Direban Zariya: Na ji bayanin, amma ni tawa shekara biyu ke nan a haka ba ta ba ni matsala ba.

Baba Makanike: Taka mai kuloci ce, ba za ka ji bugun giya ba. Amma ka lissafa man da kake sha tsakanin Kano da Zariya, ka kwatanta da na abokin aikinka da ba a taɓa wa waya ba.

Alhaji Na Sabon Gari: Ni fa jama'a ina jin tsoron giya ce. Na taɓa yin wata mota otomatik, in na dawo daga doguwar tafiya na zo tsayawa sai ta yi ta fizga kamar mai koyon tuƙi ya manta bai taka kuloci ba, sannan ta mutu. Mun kashe kuɗi a inji har muka gaji, ashe wani solenoyid ne a cikin giya yake maƙalewa. Kada a manta da wannan.

Injiniya Mai Waya: Alhaji ya kawo magana mai muhimmanci, kuma tana faruwa. A giyar otomatik akwai wani kuloci a cikin kwanbata, wato mahaɗar inji da giya, da ke kulle su su zama abu ɗaya in mota ta miƙe a gudu, don a rage shan mai. In za ka tsaya dole ya saki. In ya ƙi saki, tayoyi na tsayawa inji ma zai tsaya. Sai dai alamarsa daban take: fizga ce mai ƙarfi, kuma sau da yawa kana tayarwa ka sa D sai ta sake mutuwa nan take. Abin da ya sa ban karkata can ba shi ne Malam ya ce ko a P allura na lilo a 500. A P ba ruwan giya da inji. Injin da ya kasa riƙe kansa ba kaya a kai, ciwon a jikinsa yake.

Wasu za su ce ka jefa ta N kafin ka tsaya, in ba ta mutu ba to giya ce. Wannan gwajin shi kaɗai yana yaudara, don N na sauke wa inji nauyi, ko mai raunin silo sai ya tsira.

Alhaji Na Sabon Gari: Na gamsu Injiniya. Tawa kam a P lafiya take zama.

Hajiya Mai Sienna: Salam. Ni ba makanikiya ba ce amma abin ya taɓa cin kuɗina, shi ya sa zan yi magana. Ɗan'uwa, in za a wanke maka, ka tsaya a kansu. Akwai wata 'yar sensa bayan akwatin iyakilina, mai siririyar waya a ciki kamar gashi. Ni yaro ya ciro tawa ya wanke da fetur ya goga mata burushi, daga ranar motar ba ta sake daidai ba sai da na sayi wata. Kuma bayan an wanke maƙogwaron an cire batir, sai da ta yi kwana biyu silo na hawa da sauka kafin ta daidaita. Na ɗauka sun ƙara lalata ta ne, ashe wai koyo take yi.

Injiniya Mai Waya: Gaskiya ne Hajiya. Sensar awon iska ke nan, tana da nata man feshi na musamman, a fesa daga nesa a bar ta ta bushe, ba a taɓa wayar da komai. Maganar koyo ma haka take, in an cire batir kwamfuta na manta gyare-gyaren da ta saba yi, sai ta sake tattarawa. Amma a lura da bambanci: Sienna daga 2004 totur ɗinta na lantarki ne, ba waya, ba bawul ɗin silo daban, faifan da kansa ke yin aikin. Corolla 'yar Amurka sai daga 2005 ta koma haka. Ta Malam 2004 ce, mai waya, don haka bayanin Baba ya hau kanta daidai.

Abu Hanifa: Na taɓa karantawa cewa kamfanin ya janye irin waɗannan Corolla saboda biren bos, wato kwamfutar mota, na sa su mutuwa. Ko shi ne?

Injiniya Mai Waya: An yi haka a 2010, motoci sama da miliyan 1 a Arewacin Amurka, amma Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 ne. Ta 2004 ba ta ciki. Ina roƙon Malam kada ya bari kowa ya ambaci canza biren bos yanzu, shi ne abu na ƙarshe da ake zargi bayan an gama da komai.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu nan ralanti muke ce ma silon. Ni abin da na gani da yawa, esansin kwalba na bakin hanya wani lokaci da ruwa ko datti a ciki, sai mota ta riƙa mutuwa. Malam bai sha irin wannan ba?

Mai Corolla: A'a ɗan'uwa, gidan mai ɗaya nake sha, kuma na sake cika tanki sau biyu tun da abin ya fara.

Baba Makanike: Gurɓataccen mai ba ya zaɓar wuri, a gudu ma sai ta yi tari. Mu koma kan burkin nan da ya ce ya yi tauri, don tun ɗazu shi ke damuna. Bayan mastan burki akwai wata baƙar tukunya, busta, wasu na ce mata sabo. Ita ke sa burki ya yi laushi, kuma da zuƙar inji take aiki, ta wani tiyo mai kauri da ya taso daga manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji. In robar cikinta ta yage, duk sanda ka taka burki sai iska ta kwarara cikin inji ta bayan gida, iskar da sensa ba ta auna ba. Kwamfuta ta ba da mai daidai iskar da ta sani, sai cakuɗin ya tsinke, inji ya mutu. Ni zargina ya fi ƙarfi a nan.

Gwada wannan a ƙofar gida, ba sai ka biya kowa ba. Mota a kashe, taka burki sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe shi a take, ka tayar. In busta na da lafiya za ka ji feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Sannan ka bar ta ta yi minti biyu, ka kashe, ka jira kaɗan, ka taka. Takun farko ya kamata ya zo da laushi, na biyu da na uku su riƙa ƙara tauri. In tun na farko dutse ne, iska na zurarewa.

Kuma don Allah har a gyara kada ka ɗauki yara a ciki. In inji ya mutu taku ɗaya ko biyu na burki mai laushi ya rage maka, sitiyari kuma ka ga yadda ya yi maka jiya.

Injiniya Mai Waya: In ya yi gwajin Baba, ya zo a sa mata kwamfuta, amma ba karanta lambar matsala kawai a goge ba, wannan shi ne kuskuren da ake yi. Lamba unguwa take nuna maka, ba gida ba. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, ba ta ce ga abin da za a canza ba. P0505 na nufin tsarin silo. Abin da nake so a duba shi ne adadin man da kwamfuta ke ƙarawa don ta cike giɓi. Inji na son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur. In ƙarin da take yi ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, sai a ɗaga inji zuwa 2,500 a gani. In ya sauko, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, don ƙaramin rami ba ya tasiri in iska ta yi yawa. In kuwa ƙaruwa ya yi, sai mu koma maganar Direba ta famfo da nozul, ko sensar iska. Famfon ma ba a yanke masa hukunci da kunne, geji ake sawa, wannan injin yana son 44 zuwa 50 a ma'aunin psi. Minti goma ya isa a raba gardamar nan.

Wannan injin kuma an san shi da gaskit ɗin manifol da ke bushewa in ya tsufa, sai dai shi da sanyin safiya ya fi nuna kansa, musamman lokacin hunturu. Na Malam sai ta yi zafi, don da safe kwamfuta na ɗaga silo sama da 1,000 tana ƙara mai, wannan ke rufe ciwon.

Direban Zariya: A fesa man wanke kafireta a jikin tiyoyin mana, inda inji ya canza murya nan ne ramin.

Baba Makanike: Yana aiki, amma na ga gobara da idona a kan haka, inji da zafi ga tartsatsin koyil. In dole ne a yi da sanyin inji, abin kashe wuta na kusa. Na fi son a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu, a lanƙwasa shi a duba ƙasansa.

Mai Corolla: Jama'a ga sakamako. Gwajin Baba na farko feda ta nutse amma kaɗan. Na biyu kuwa tun takun farko da tauri. Yau na kai ta wani gareji mai kwamfuta na nuna musu abin da Injiniya ya rubuta. Lambobi biyu suka fito, P0171 da P0505. Ƙarin man a silo kashi 21 ne, da aka ɗaga inji ya sauko 6. Suka bi tiyoyi, sai ga tiyon busta ya tsage ta ƙasa daidai bakin da ya shiga manifol, ba ka gani sai ka lanƙwasa. Da aka sa sabon tiyo aka maimaita gwajin, bustar ta riƙe iska lafiya. Bawul ɗin silo da aka kwance, wallahi baƙi ƙirin, da ƙyar yake juyawa da yatsa. An wanke shi, an sa sabon gaskit, an sassauta wayar totur. Iyakilinar da aka hura wa iska ashe ta yage ta gefe, ƙura kai tsaye take wucewa, na sayi sabuwa. Sun kuma gano babu tamostat a motar.

Baba Makanike: Alhamdulillahi. Na zargi bustar kanta, ashe tiyonta ne, ka tsira daga babban kashe kuɗi. Tamostat kuma a mayar.

Direban Zariya: Baba a zafin Kano? Watan Afrilu fa mota sai ta tafasa. Kowa cirewa yake.

Baba Makanike: Tamostat ɗin wannan injin wajen digiri 82 yake buɗewa, in ya buɗe ruwa na zagayawa lagireto kamar yadda ya kamata. Motar da ke tafasa da tamostat mai lafiya, a duba lagireto ko fanka ko murfi. In ka cire shi inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta na ta ƙara mai tana zaton safiya ce, wannan baƙin da ke taruwa a fulogi har da shi a ciki. Malam, ina tsohon famfonka?

Mai Corolla: Yana wajen makaniken farko Baba.

Baba Makanike: Je ka karɓo kayanka ka ajiye. Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, kuma na asali ne.

Mai Corolla: Yau kwana shida. Allura na zama wajen 700, na kunna esi a cunkoson bakin Kantin Kwari kusan rabin awa ba ta ko girgiza ba, burki ya dawo da laushinsa. An sa ƙwan fitilar cek, tana fitowa in na murɗa makulli ta ɗauke in inji ya tashi. Tamostat sai ƙarshen wata in an yi albashi. Famfon na karɓo. Baba, Injiniya, Hajiya, Alhaji, Direba da kowa, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan iyaye.

Hajiya Mai Sienna: Amin. Allah ya tsare gaba, a gaida yara.

Ɗan Maraɗi: Amin. Baba, tun da ana nan, ƙanena na da Golf, ita ma tana mutuwa in ya tsaya, amma ita ba ta tashi sai ta huce kamar minti ashirin.

Baba Makanike: Wannan wani ciwon ne daban ɗana, tun da ba ta tashi da zafi. In ta mutu ya duba nan take ko wuta na zuwa fulogi kafin ta huce. Golf nawa ce, mai kafireta ko injekta?